Bazarar da Mama Ta Hana a Wanke Bakin Rijiya

Bana ma ruwa ya yi nawa. Ista ta wuce, mangwaro ya nuna har ya gundiri yara, amma kullum da la'asar sai hadari ya taso daga gabas, ya yi ta gurnani, iska ta kwashe shi ta bar mu da gumi. Shekaranjiya na sunkuya a gindin famfon tsakar gidana da buroshi a hannu zan goge siminti, sai na ga wani santsi ruwan ƙasa-ƙasa, kamar an shafa zuma, ya kwanta daidai inda ruwa ke ɗiga. Hannuna ya ƙi. Na ajiye buroshin, na kifa bokiti na zauna a kai, wata bazara ta farkon shekarun dubu biyu ta dawo mini kamar jiya aka yi ta.

Mahaifina, Malam Ishaya, tsohon malamin kimiyya ne a sakandare, kuma a Samaru muka zauna bayan ya yi ritaya. Sa'o'insa wasu kiwon kaji suka kama, wasu dara a gindin bishiya. Shi kuwa nasa abin maikiroskof ne, na'urar nan da ke ƙara girman abin da ido ba ya iya gani. Tsohuwa ce baƙa mai nauyi da ya saya a gwanjo, ba ruwanta da lantarki, wani ɗan madubi ne a ƙasanta yake karɓo hasken rana. Abin da yake kallo da ita kuwa wasu ƙananan halittu ne na cikin ruwa, dayatom, kowacce tana zaune cikin ɓawo na gilashi. Shi 'yan gilashi yake ce musu. Ina 'yar firamare ya fara ɗora ni a cinyarsa ya ce in leƙa. Na ga wani abu mai kama da kwalekwale, launin zinariya, yana tafiya a hankali, ba ƙafa ba jela. Tun ranar na kamu.

Mama ce dai ba ta taɓa kamuwa ba. A gidanmu akwai labarin da ake tsokanarta da shi: wai wata rana, ina goye a bayanta, Baba ya dace da wata 'yar gilashi tana rabuwa, ɗaya tana zama biyu, abin da bai sake dacewa da shi sosai ba. Ya ƙwala mata kira ta zo ta gani, ta ce tuwonta zai ƙone. Kafin ta sauke tukunya ɗigon ruwan ya bushe. Duk lokacin da aka tayar da zancen sai ta ce, "To, da ƙwaron za ku ci a ranar?"

Ciwon suga ne ya taɓa idon Baba. Tsakiyar ganinsa ce ta fara tafiya, har ya zama in zai dube ka sai ya karkata kai kamar kazar da ta hangi shaho. Ranar da na raka shi asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce gefen da ya rage ma ba zai daɗe ba, da ƙyar ya kai ƙarshen damina. Ya ce, "In akwai abin da yake son gani, ku nuna masa yanzu, kuma ku nuna masa shi da girma."

Baba bai roƙi kowa komai ba. Amma kullum da hantsi sai ya lalubi tebur ɗinsa na bakin taga, ya yaye ƙyallen da ke kan na'urar, ya ɗora ido, ya juya nan ya juya can, sannan ya mayar da ƙyallen. Abin nan yana ci mini rai ba kaɗan ba. Na ce masa zan kai hotunan cikin littattafansa a ƙara musu girma. Ya girgiza kai.

"Waɗancan gawa ce, Rifkatu. An dafa su an wanke ɓawon kafin a ɗauka. Ni masu rai na saba kallo."

"To zan ɗauko maka masu ran."

"Da me?"

"Da kyamarar da Yaya Yakubu ya bari."

Ya yi dariya ya ce wannan aiki ne na masu kayan aiki. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san in na kafe, na kafe. A lokacin ina koyarwa a wata firamare, ga hutu ya zo, ban ga abin da zai hana ni ba. Ashe bazara tana gefe tana jirana.

Zafin shekarar nan, kai! Kwanon rufi yana ƙas-ƙas tun da hantsi, tabarma kanta ƙuna take, ƙurajen zafi sun feso wa kowa a wuya. Famfo ya daɗe da ɗaukewa, 'yan ga-ruwa sun zama sai wane da wane. Rijiya ɗaya ce ta rage da rai a layinmu, ta gidan Inna Ladi, maƙwabciyarmu da katanga kaɗai ta raba mu, ita ma ruwanta ja ne kamar kunun kanwa. Tun da asuba mata ke jera bokitai. In an kawo gida, Mama ta jefa masa alif, farin dutsen nan da ke kwantar da datti, a jira ya tace. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi shi za a wanke kwanuka, na kwanukan kuma a zuba wa bishiyar lemo. Ga shi muna cikin azumin da muke yi kafin Ista, ni da Mama ba ci ba sha sai yamma ta yi, mu buɗe baki da kunun tsamiya da ƙosai. Baba kaɗai aka hana saboda ciwonsa, yana ta mita wai an mayar da shi yaro.

'Yan gilashi a santsin kan duwatsun ruwa suke zama, inda rana ke taɓawa. To ina ruwan? Duk kududdufan da Baba ya saba ɗiba sun zama busasshen taɓo. Na ɗauki ƙaramin bokiti na nufi rafin Kubanni da ƙafa, ina bin yashi da kashin shanu, har na sami wani ɗan gurbi a ƙarƙashin dutse da bai gama ƙafewa ba. Na tsinci duwatsu masu santsi, na haɗa da ruwan wurin yadda Baba ya ce, na ɗora a kai. Da na iso gida idona har duhu-duhu yake gani. Na ajiye bokitin a inuwar taga, na ce bari in ɗan miƙe.

Da na tashi na tarar da ruwan ya yi garau, ana ganin gindin bokiti. Duwatsun kuma an jera su a rana, fes, sai ƙyalli suke.

"Mama! Wa ya taɓa mini bokiti?"

"Ni ce. Na ga kin sha wuya kin ɗebo ruwa duk datti, na sa miki alif. Duwatsun ma na goge miki su, wani yauƙi ne a jikinsu ba kyan gani."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce yauƙin ai shi na je nema, shi ne abin! Mama ta riƙe ƙugu ta ce a wannan marra da mutane ke neman na sha, ni da ubana datti muke tarawa, ita ba za ta ga ruwa mai ƙazanta a gidanta ta ƙyale ba. Daga ɗaki muka jiyo Baba yana dariya, yana cewa, "Rabu da uwarki, Rifkatu, ai tun kafin a haife ki take kashe mini su." Dariyar ba ta yi nisa ba ta tsaya. Wannan shirun da ya biyo baya ya fi faɗan ciwo, kuma na san Mama ma ta ji shi.

Na koma Kubanni na tarar shanu sun shanye gurbin, sai sawun kofato. Na bi rafin sama da ƙasa, na leƙa magudanun bayan jami'a, ban samo komai ba sai ciwon kai. Ni da Mama kuma magana ta zama daga gaisuwa sai miƙo mini wancan.

Ran nan da safe ta dawo daga rijiya tana ɗingishi, zaninta jiƙe da taɓo a gefe guda. Ta tsaya a ƙofar ɗakin Baba, ba ta dube ni ba.

"Wannan abin naku, santsi gare shi? Mai kalar ƙasa?"

Na ce e.

Ta kwance bakin zaninta ta fito da wani guntun fasasshen tulu. "To ga abin da ya kayar da ni a bakin rijiyar Inna. Ki duba ko danginsu ne."

Na kankaro kaɗan na ɗiga a kan gilashi, na juya madubin ya kamo rana. Ai kuwa ga su nan birjik, manya da ƙanana, wasu kamar kwalekwale, wasu kamar allura.

Baba ya matso da kujerarsa. "Suna tafiya?"

"Suna tafiya, Baba."

Sai dai akwai matsala. Duk ranar Asabar matan layinmu kan taru su goge simintin bakin rijiyar da yashi da tsintsiya, kuma Mama ce ta kafa wannan doka, ita ce mai bin gida-gida tana tayar da masu nawa. Ranar Juma'a da yamma ta yafa gyale ta ce in biyo ta. Muka sami Inna Ladi tana tankaɗe.

"Inna, alfarma na zo nema. Gefen nan na gabas, kada a wanke shi gobe."

Inna ta ajiye rariya. "Maman Yakubu, ke ce kuwa? Ke da kike bin mu da tsintsiya kamar 'yar duba-gari?"

Mama ta yi mata bayanin idon Baba, a gajarce. Inna ta karkaɗe gari daga hannunta. Ta tashi da kanta ta kewaye wurin da duwatsu don kada wani ya sake zamewa, ta kuma sanar wa mata cewa nan kiwon Malam ne. Kullum da safe, a lokacin da kowane ɗigo yake da daraja, sai ta tsiyaya wa wurin ragowar guga don kada ya bushe.

Daga nan aikin ɗaukar hoto ya fara, kuma nan na gane dalilin dariyar Baba. Na yanko guntun bututun famfo na haɗa bakin kyamara da bakin na'urar, na ɗaure da robar tayar keke. Da sassafe haske bai isa ba. In rana ta ɗaga kuma, ɗigon ruwan ya bushe kafin in gama saiti, 'yan gilashin su mutu ina kallo. Baba ne ya ce in zagaye ɗigon da man basilin kafin in rufe shi da siririn gilashi, hakan ya ƙara musu ɗan lokaci. Yana zaune a gefena, ba ya ganin komai a cikin na'urar, amma shi ke tuƙi. "Rage haske. Juya ƙaramin maɓallin a hankali, ba injin markaɗe ba ne. Kada ki bi ta, bari ita ta shigo tsakiya." Gumi yana zubo mini a ido, cikina yana kuka, ina riƙe numfashi.

Sannan ga daka. Daidai lokacin da haske ya yi kyau shi ne lokacin da gidan Inna ke surfe, kuma duk saukar taɓarya sai komai ya yi tsalle a cikin na'urar. Muka yi yarjejeniya: in na buga katanga da muciya, su tsayar da taɓarya, in na sake bugawa, su ci gaba. Wani lokaci in na daɗe sai in jiyo Inna ta bayan katanga, "Rifkatu, dabbobin ba su tsaya ba ne? Yau fa da yunwa za mu kwana!"

Da fim ya cika na hau bas zuwa Sabon Gari, shagon wani mai wanke hoto kusa da kasuwa, Oga Emeka. Ba Bahaushe ba ne, amma ya tsufa a Zariya, Hausa a bakinsa kamar ruwa, sai dai kowa namiji ne a wurinsa. Ranar da ya ce in dawo na dawo, ya miƙo mini ambulan. Hoto ɗaya tal ne a ciki, na Mama a bakin ƙofa, wanda na ɗauka don gwaji.

"Oga, sauran fa?"

"Sista, sauran duka ya lalace. Babu mutum ko ɗaya a ciki, sai tabo-tabo. Kyamararka ya yi fumfuna. Ni ba na buga wa kwastoma hoton da ya ɓaci, haka muke aiki a nan."

Na ce tabon shi nake so. Ya dube ni kamar wadda zafi ya taɓa wa kai. Na zauna a bencinsa na ce ba inda za ni sai ya duba da kyau, in ya ga dama ya rufe shagon da ni a ciki. Da ya ga da gaske nake, ya ɗaga fim ɗin a hasken ƙofa ya sa gilashin ƙara girma. Gaskiyarsa ce, yawancinsu baƙi ƙirin ne ko hazo. Amma a kan wani ya tsaya, ya daɗe.

"Chineke! Allah mai iko! Wannan abu yana da layi-layi kamar mataji. Wa ya yi masa?"

Na ba shi labarin tun daga farko, har zancen likita. Ya shiga ciki ya fito da wani fim da ya ce ya fi saurin kama haske, da wata 'yar waya da ake latsa kyamara da ita daga nesa. "Hannunka ne yana girgiza shi. Kada ka taɓa kyamara sam. Je ka sake."

Ista ta zo, azumi ya ƙare, amma yunwa ba ta ƙare ba. An yi wani yayyafi guda da ya ruɗi manoma suka yi shuka, rana ta ƙone ta. Hatsi ya yi tsada, tuwonmu ya koma sau ɗaya a wuni. Irin masarar Mama yana ƙulle a leda yana jiran sama. Rijiyar Inna ta ja baya har sai da maza suka shiga yasa, kiwon Malam kuma ya tsuke ya koma kamar tafin hannu. Idon Baba ma haka yake tsukewa. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kama iska. Wata rana da tsakar rana, rana tana ƙwalla, ya tambaye ni ko hadari ne ya haɗo, ya ga gari ya yi duhu. Na ce masa e, hadari ne. Na shiga bayan gida na yi kukana, na wanke fuska, na dawo kan tebur. Tsoro nake ji ƙwarai, amma ban yarda in tsaya ba.

A cikin fim na biyun ne na dace da wata ƙatuwa, ta tsaya cak a tsakiya. Na buga katanga, daka ya tsaya. Ina latsa wayar sai ga saukar taɓarya, dim! Ashe wata baƙuwa ce a gidan Inna da ba ta san dokar ba. Na yi tsaki har Baba ya ce in yi hankali da bakina.

Kuma wannan ɗin ce Oga Emeka ya zaɓa. Ya ce duk cikin fim ɗin ita ce mai girma da kaifin da tsoho zai iya gani, sai dai ta fito biyu-biyu, alamar girgiza. Ya ce zai tono tsohon injinsa na hoton baƙi da fari ya buga ta da hannu, don baƙi da fari ya fi ƙarfi a raunannen ido. Amma injin sai da wuta, wuta kuwa babu, janareta ba mai. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Samaru da Sabon Gari har kwandastoci suka san ni. Ranar da aka kawo wuta ina zaune a bencinsa. Ya kori masu jiran hoton fasfo ya shige ɗakin duhu, ya fito da hoto mai faɗin kalanda, da ɗanshinsa.

Muna Kwangila a hanyar dawowa gari ya yi baƙi. Iska ta taso da ledoji, sai ga ƙamshin ƙasa, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Cikin bas wannan na cewa Alhamdulillahi, wancan na cewa mun gode wa Ubangiji, kowa na dariya, ni kuwa rufin motar nake harara don yoyo yake. Na naɗe hoton a leda, na cire ɗankwalina na ƙara naɗewa, na cusa cikin riga na duƙa a kansa. Daga bakin titi da gudu na ƙarasa gida, yara tsirara suna tsalle a kwata, mata sun fito da duk wani abu mai baki sun tara a ƙarƙashin indararo. Na sami Mama tana ta juye bahon da ya cika a randa.

Ruwan ya tsagaita kafin faɗuwar rana, gari ya yi wani haske wankakke. Na fito da Baba baranda, na ɗora masa hoton a cinya. Ya karkata kai, ya ɗaga shi, ya matso da shi gefen fuskarsa. Ya daɗe yana juya shi har na fara jin cewa na makara.

"Baba, ka yi haƙuri, ya ɗan girgiza. Taɓarya ce ta sauka, shi ya sa ta fito biyu."

"Yi mini shiru."

Ya bi gefen hoton da yatsa a hankali, ya tsaya a kan wani baƙin ɗigo. "Wannan dattin da ke kusa da ita, guda nawa kike gani?"

"Guda ɗaya."

"To in tebur ne ya girgiza, ai da shi ma ya zama biyu." Ya ƙwanƙwasa hoton da yatsa. "Ba girgiza ba ce, Rifkatu. Rabuwa take yi."

Na karɓa na duba. Ni mai ido biyu, da Oga Emeka mai gilashin ƙara girma, duk ba mu lura ba. A nan na tabbata ya gani, ba don ya faranta mini yake yi ba, sai na zauna a ƙasa cikin jiƙaƙƙun kaya.

Baba ya ɗaga murya. "Saratu! Zo ki gani. Wancan karon kin ce tuwonki zai ƙone."

Baho yana ambaliya a ƙarƙashin indararo, ruwan da muka yi wata da watanni muna roƙo yana malala a ƙasa, Mama ta bar shi. Ta goge hannu a zani, ta zo ta durƙusa a gefensa. Ya kama yatsanta ya ɗora a kan layin da ya raba su, yana nuna mata inda ɗaya ta ƙare ɗayar ta fara. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe haka suke da kyau, Malam."

Kafin a fara gasa sabuwar masara a bakin titi, sauran ganin ya tafi. Hoton yana rataye a falona yanzu, ya ɗan yi ja a gefe. 'Yata kan ɗora wayarta a bakin tsohuwar na'urar ta ɗauki abin da ya fi shi kyau kafin in gama gyara zama, ba muciya ba basilin, kuma ina jin daɗin kallonsu.

Shekaranjiyar nan dai ban wanke gindin famfon ba. Na tsinto duwatsu na kewaye wurin, na tsiyaya masa ragowar ruwan bokiti.